Ina homon ɗin maza yake zuwa bayan ya bar marainan tsuntsu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar dabbobi, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. An koya mana cewa testosteron homon ɗin maza ne, estrojin kuma na mata. Sai na karanta cewa namijin salwa ba ya hawa mace sai da estrojin a ƙwaƙwalwarsa, wai kuma akwai wani irin zakara mai gashin kaza alhali marainansa lafiya lau. Yaya jikin tsuntsu yake sarrafa wannan homon? In kuma ina son aunawa a ɗakin gwaji, ta ina zan fara? Allah ya ƙara ilimi."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amin, mu da kai. Abin da ka karanta gaskiya ne, abin da aka koya muku ma ba ƙarya ba ne, sai dai an tsaya da ku a rabin hanya. Ainihin tambayarka ita ce: da zarar testosteron ya fita daga maraina ya bi jini, me kowane sashe na jiki yake mayar da shi? Domin a wurare da yawa ba shi ne ke yin aikin da kansa ba. Ɗanyen kaya ne. Zanko ya karɓa ya mayar da shi abu ɗaya, wani lungu na ƙwaƙwalwa ya mayar da shi wani abu dabam, hanta kuma ta lalata shi ta tura waje.

Tun farko ma a jikin zakara aka gano wannan fanni. A 1849, a garin Gottingen na Jamus, Arnold Berthold ya fiɗiye 'yan zakaru, zankonsu ya ƙi girma, ba cara ba faɗa. Waɗanda ya dasa wa maraina a cikin ciki kuwa suka girma zakaru sosai, duk da cewa jijiyoyin jini kaɗai suka haɗu da dashen. Ya gane cewa saƙon ta jini yake tafiya. Sai a 1935 aka ware testosteron a Amstadam, kuma a shekarun nan ma'aunin ƙarfin homon ɗin maza shi ne yawan girman da zankon fiɗiyayyen zakara ya yi bayan an ba shi.

Marainan tsuntsu suna cikin ciki ne, kusa da ƙoda. Ƙwayoyin Leydig da ke cikinsu suna ɗaukar kolestarol su mayar da shi firegninolon, daga nan mataki-mataki zuwa androstindiyon, sannan testosteron. A tsuntsayen da ke da lokacin hayayyafa, maraina kan kumbura ninki ɗaruruwa su sake motsewa idan lokacin ya wuce. Wani bambanci da ya kamata ka riƙe: jinin mutum yana da furotin na musamman da ke riƙe homon ɗin jinsi, tsuntsaye ba su da shi. Albumin da furotin mai ɗaukar homon ɗin damuwa su ne ke riƙe abin da suka iya. Shi ya sa adadin da ke jinin tsuntsu yake saurin hawa da sauka.

Hanyoyi uku

Sai ka ɗan kalli surar ƙwayar testosteron kafin sauran bayanin ya zauna. Tana da kabon 19, 17 daga cikinsu a jere cikin zobe huɗu, kuma a zoben farko akwai ɗauri biyu tsakanin kabon na 4 da na 5. Kusan duk rigimar a kan wannan zobe take.

Enzaim, wato furotin mai sauya wani sinadari zuwa wani, guda uku ne ke aiki a kansa, na farko shi ne 5-alfa-ridaktas. Yana kwance ɗaurin nan ya saka haidurojin a kabon na 5 ta ƙasa. Abin da ke fitowa shi ne 5-alfa-DHT, ƙwaya miƙaƙƙiya shimfiɗaɗɗiya, wadda ta fi testosteron kansa kama makarɓar homon ɗin maza a cikin ƙwayar halitta, wato furotin ɗin da homon ke maƙalewa a kai kafin ya yi aiki. Wato an ƙara wa homon kaifi.

Na biyu shi ne 5-bita-ridaktas. Aiki iri ɗaya, wuri ɗaya, sai dai ta sama yake saka haidurojin. Wannan ɗan bambanci yana lanƙwasa ƙwayar a mahaɗar zobe na farko da na biyu har ta yi kusan kusurwar digiri 90, sai ta kasa zama cikin makarɓa. 5-bita-DHT ba ya girmar da zanko, ba ya sa cara.

Na uku shi ne aromatas. Shi cire kabon na 19 yake yi gaba ɗaya, ya sauya fasalin zoben farko, sai a sami estradiyol mai kabon 18, wanda shi ne estrojin mafi ƙarfi. Yana bukatar iskar oksijin da NADPH, wani sinadari mai ba enzaim haidurojin, kuma sauran biyun ma da NADPH suke aiki.

Duk hanyoyin nan uku ba a komowa daga gare su. Ƙwayar da aka mayar DHT, alfa ko bita, ba za ta ƙara zama estradiyol ba har abada, tunda ɗaurin da aromatas ke bukata ya tafi. Saboda haka enzaim ɗin uku kishiyoyi ne a kan tukunya ɗaya, wanda ya fi yawa da sauri a wuri shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Akwai hanya ta huɗu mai zuwa da dawowa, tsakanin testosteron da androstindiyon, amma ita kamar ajiya ce kawai.

Abin da ya raba tsuntsu da dabbobi masu shayarwa shi ne 5-bita-ridaktas. A ɓera ko mutum, gidansa hanta ne. A tsuntsu kuwa ƙwaƙwalwa cike take da shi, har yakan fi sauran biyun aiki nesa ba kusa ba. In ka zuba testosteron a kan niƙaƙƙiyar ƙwaƙwalwar salwa, mafi yawan abin da za ka tarar 'yan gidan 5-bita ne.

Ƙwaƙwalwar salwa da kurciya

Salwar Japan ita aka fi yi wa binciken ƙwaƙwaf, musamman a ɗakin gwajin Jacques Balthazart da ke Liyej a Beljiyam. Dalilin zaɓenta shi ne namijin yana da alamu uku da ake iya aunawa a ware: hawa mace, cara, da wani ƙullutu a saman dubura mai fitar da farin kumfa, wanda ake auna faɗinsa da tsawonsa da ma'aunin milimita. Ka fiɗiye shi, duka ukun su ɓace cikin 'yan makonni. Ka dasa masa ɗan bututun silikon cike da garin testosteron a ƙarƙashin fata, duka su dawo.

To, yanzu sai a rarraba. Ka ba fiɗiyayyen 5-alfa-DHT shi kaɗai: ƙullutun kumfa ya kumbura, cara ta dawo, amma hawa mace sai kaɗan ko babu. Ka ba shi estradiyol shi kaɗai: ya hau mace, ƙullutun kuwa yana nan a motse. Ka haɗa masa biyun, ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Ka ba shi testosteron tare da maganin da ke toshe aromatas, irin su fadrozol ko borozol: ƙullutu ya girma, barbara ta tsaya. 5-bita-DHT kuma kusan tamkar ka ba shi ruwa ne.

Wurin da abin yake faruwa ɗan gungu ne na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a gaban mahaɗar jijiyoyin gani, ana kiransa POM a taƙaice. Ya fi girma a namiji, yana motsewa bayan fiɗiya, yana dawowa da testosteron. Aromatas a cikinsa yake cunkushe, kuma testosteron ne da kansa yake ƙara yawan aromatas ɗin, mafi yawa ta hanyar estradiyol ɗin da aka samar. Ka ga ke nan estrojin ɗin da ka karanta ba daga jini ya zo ba. A nan cikin lungun aka ƙera shi, a nan aka yi amfani da shi, jinin tsuntsun ba lallai ya nuna komai ba.

A kurciya an ga rabon aiki makamancin wannan. Kukan da namiji yake yi yana rusunawa yana bin mace ya fi dogara ga ɓangaren homon ɗin maza, kiran da yake yi mata zuwa wurin sheƙa kuwa estrojin ke tayar da shi. John Hutchison da Thierry Steimer na Kambirij sun nuna a 1981 cewa idan namijin kurciya ya daɗe a fiɗiye, aikin 5-bita-ridaktas yana ƙaruwa a wannan yanki na ƙwaƙwalwa, shi ya sa adadin testosteron da zai tayar da sabon fiɗiyayye ba ya isar wanda ya yi watanni. Wannan darasi ne ga mai tsara gwaji: kada ka haɗa tsuntsayen da aka fiɗiye a lokuta mabambanta cikin rukuni ɗaya.

Tsuntsaye masu waƙa sun kai abin wani mataki. A ɗan tsuntsun nan na Ostiraliya da ake kira zebra finch, Barney Schlinger da Arthur Arnold sun nuna a 1991 cewa ƙwaƙwalwar namiji ita ce babbar masana'antar estrojin a jikinsa, har tana zuba shi cikin jini. Akwai kuma wani gwara mai waƙa na Arewacin Amurka da ke tsare yankinsa da faɗa a lokacin sanyi, lokacin da marainansa suka motse kuma testosteron ɗin jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Fiɗiya ba ta hana shi faɗan, amma fadrozol yana rage shi. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne ƙwaƙwalwar tana ɗaukar DHEA, wani raunannen homon da ke yawo a jini, ta ƙera abin da take bukata da kanta.

Zakara mai gashin kaza

Wannan shi ne misalin da na fi so, don ido ma yana gani. A kaji, gashin zakara, wato dogayen gasun wuya masu tsini da lanƙwasassun gasun wutsiya, ba testosteron ke kawo shi ba. Shi ne gashin asali. Estrojin ne ke danne shi ya fitar da gajeren gashi mai zagayayyen baki irin na kaza. Shi ya sa fiɗiyayyen zakara yake rasa zanko da leɓa amma gashinsa na zakara yana nan, kuma tsohuwar kazar da mahaifar ƙwanta ta lalace takan fitar da gashin zakara idan ta sake gashi.

Irin da kake tambaya shi ne Sebright, ƙananan kajin ado na Ingila. Zakaransu yana cara, yana da zanko, amma gashinsa na kaza ne. Thomas Hunt Morgan ya fiɗiye su tun wajen 1920, sai ga gashin zakara ya fito, abin da ya zama kamar an juya duniya. Sai a farkon shekarun 1980 Fredrick George da Jean Wilson a Dalas suka warware: fatar waɗannan kaji tana da aromatas mai yawan gaske, saboda wani canji a ƙwayar gado wanda kwafi ɗaya ma ya isa ya bayyana. Fatar tana karɓar testosteron daga jini ta mayar da shi estradiyol a gindin kowane gashi. Ka ba fiɗiyayyen Sebright testosteron, gashin kaza ya dawo. Ka ba shi 5-alfa-DHT, wanda aromatas ba ya iya taɓawa, zanko ya girma, gashin ya zauna na zakara.

Zanko da leɓa kuwa hanyar alfa suke bi. Homon yana sa ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fatar su tara sinadarin hayaluronik mai riƙe ruwa, jijiyoyin jini su buɗe, shi ne kauri da jan da kake gani. Ƙullutun mai na gindin wutsiya da tsokokin maƙogwaron waƙa su ma suna jin homon ɗin maza. Haka jakar Fabricius da ke saman dubura, inda ƙwayoyin garkuwar jiki na B suke nuna: homon ɗin maza yana motsar da ita, har ma idan aka tsoma ƙwai cikin ruwan testosteron a farkon kwanci, ɗan tsakon kan fito ba ta ginu ba.

Cikin ƙwai

Uwa tana zuba homon ɗin maza cikin gwaiduwa, Hubert Schwabl ya nuna haka a ƙwan kanari a 1993. Da farko an ɗauka ɗan tayin yana shan sa ne yadda aka zuba. Daga baya aka ga cewa cikin kwanakin farko na kwanci yana mayar da mafi yawansa 'yan gidan 5-bita, musamman etiyokolanolon, ya kuma ɗaure su da wasu sinadarai. Ƙwaƙwalwar ɗan tayin salwa ma tana da 5-bita-ridaktas fiye da na babba, yana raguwa yayin da tsuntsun ke girma. Akwai hikima a nan, domin a salwa estrojin ne ke kashe halin namiji tun a ƙwai. Kwancinta kwana 17 ne, kuma idan aka yi wa ƙwan namiji allurar estradiyol kafin kwana na 12, ba zai taɓa hawa mace ba ko an cika shi da testosteron. Garkuwar da ke lalata testosteron kafin aromatas ya kai gare shi tana da amfani ke nan.

Sai dai kada ka ɗauki 'yan gidan 5-bita a matsayin shara zalla. Tun 1967 Sam Granick da Attallah Kappas suka nuna suna tayar da ƙera him, jan sinadarin da ke cikin haimogulobin, a ƙwayoyin hantar ɗan tayin kaza. Makarɓar homon ɗin maza ce kawai ba ta san su ba.

Ƙarshen tafiyar duka hanta ce. Tana ƙara rage ƙwayoyin, ta liƙa musu gulukuronaid ko salfet don su narke a ruwa, su fita ta matsarmama da ƙoda. Tunda fitsarin tsuntsu da kashinsa mafita ɗaya suke bi, a kashin za ka same su duka cikin 'yan sa'o'i. Wannan saurin na hanta shi ne ya sa ba kasafai ake ba da testosteron ta baki a gwaji ba, jinin hanji ta hanta yake fara bi.

Idan za ka auna

Fara da yanke shawarar me kake nema. Awon jini yana gaya maka abin da maraina suka fitar ne kawai. In za ka yi shi, ɗebi jinin cikin 'yan mintoci da kama tsuntsun kuma a lokaci ɗaya na yini, don riƙo da tsoro suna sauya adadin. Ka kuma sani yawancin kayan awo masu amfani da antibodi ba sa bambance testosteron da 5-alfa-DHT sosai, sai an raba su tukuna ko a yi amfani da na'urar LC-MS/MS. In kashi za ka auna, ba testosteron ne a ciki ba, ɓaraguzansa ne, dole ka fara tabbatar da cewa kayan awonka suna ganinsu a wannan nau'in tsuntsu: ka yi wa wasu allurar GnRH, homon ɗin ƙwaƙwalwa da ke sa maraina su ƙara fitar da testosteron, ka ga ko adadin ya hau.

Awon enzaim kuwa ga yadda aka saba. A ciro sashen da sauri a ɗora kan ƙanƙara, ko a daskarar a digiri 80 ƙasa da sifili. A niƙa shi cikin ruwan sukuros mai ƙarfin mola 0.25 da bafa mai pH wajen 7.4. A zuba testosteron ko androstindiyon mai alamar tiritiyam, wato haidurojin mai fitar da tururin da na'ura ke iya ƙirgawa, a ƙara NADPH ko abubuwan da ke sabunta shi, wato NADP da gulukos-6-fosfet da enzaim ɗinsa. A ɗumama a digiri 37 zuwa 41, tunda zafin jikin tsuntsu yana tsakanin 40 da 42. A tsayar da aikin da sanyi, a tatso sitiroyid ɗin, wato homon ɗin da abubuwan da aka mayar da shi, da sinadarin ether, a raba su a kan farantin silika ko na'urar HPLC, a ƙirga alamar. Estrojin ana ware shi da ruwan soda mai kaifi saboda zobensa na fenol. Ga aromatas shi kaɗai akwai gajeriyar hanya: androstindiyon mai tiritiyam a matsayin 1-bita yana sakin alamar cikin ruwa duk lokacin da aka sauya ƙwaya ɗaya, sai a kwashe sauran sitiroyid da gawayi a ƙirga ruwan.

Inda aka fi faɗuwa shi ne 5-bita-ridaktas. Aromatas yana kama kayan aiki ko da kaɗan ne amma a hankali yake tafiya, shi kuwa 5-bita hadama gare shi. In ka bar kwalbar awa guda, ya cinye testosteron ɗin, sai ka rubuta cewa babu aromatas alhali yunwa ce ta hana shi aiki. Magani shi ne gajeren lokaci, minti 5 zuwa 15, da ɗan nama kaɗan, kuma ka tabbata abin da aka cinye bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Ko kuma ka raba su da injin juyawa: 5-bita-ridaktas a narke yake cikin ruwan ƙwayar halitta, aromatas da 5-alfa kuwa a manne suke da fatun ciki, don haka juyi a ƙarfin 100,000 g na awa guda zai kwantar da su ƙasa ya bar shi a sama.

Sauran tarkunan ƙanana ne amma suna ɓata aiki. 5-alfa-DHT da 5-bita-DHT nauyinsu ɗaya, a kan faranti ma kusa da juna suke tsayawa, sai ka gudu da sahihin samfurin kowanne a gefe, ka kuma tabbatar da ko wanne ne ta hanyar sake mayar da su kiristal. Ka kula da abin da ke cikin bafa: ATP da kalsiyam da magniziyam tare suna kashe aikin aromatas cikin mintoci, shi ya sa ake sa EDTA ko EGTA, sinadaran da ke kama kalsiyam. Yanka ma yana da muhimmanci, POM ƙanƙane ne, in ka haɗo shi da naman da ke kewaye ka tsarma shi da ƙwayoyin da 5-bita kawai suke da shi. Kullum ka ajiye kwalba ɗaya da dafaffen nama da wata mai fadrozol don ka san ƙasan awonka. In kuma da fiɗiyayyu kake aiki, buɗe cikinsu a ƙarshen gwaji ka duba, ɗan guntun maraina da aka bari yakan sake tsirowa ya rikita lissafi.

Ka riƙe iyakar wannan awo a ranka lokacin rubuta sakamako. Niƙaƙƙen nama da aka cika da NADPH yana nuna iyakar abin da enzaim zai iya ne, ba abin da yake yi a rayayyen tsuntsu a wannan minti ba, kuma yawan mRNA, wato saƙon gado na ƙera enzaim ɗin, ma bai zama yawan aiki ba tunda ana iya kunna aromatas a kashe shi ba tare da an ƙera sabo ba. Sannan nau'in tsuntsaye sun haura 10,000, amma kusan duk abin da na faɗa daga salwa, kaza, kurciya, kanari da wasu 'yan kaɗan aka samo shi. In tsuntsunka ba ya cikinsu, gwajinka na farko ya zama na lokaci da yawan nama: kwalabe biyar, minti 2, 5, 10, 20 da 40, ka ga inda layin ya daina miƙewa, sannan ka zaɓi lokacin da za ka yi sauran aikin da shi.